Babi na Shida: Fansho Haƙƙi Ne ko Alfarmar Gwamnati?

Duk ranar da aka sanar a rediyo cewa gwamnati ta saki kuɗin waɗanda suka yi ritaya, gardama iri ɗaya ce ke tashi a majalisun Sule Tankarkar ta jihar Jigawa, ko a teburin mai shayi ko a dakalin da dattawa ke zama bayan la'asar. Wani ya ce Allah ya saka wa gwamna da alheri, ya tausaya wa tsofaffi. Wani ya taso masa, ya ce tausayin me, ai guminsu ne aka ba su. Can sai manomin da bai taɓa karɓar albashi ba ya sa baki, ya ce shi abin da ya ɗaure masa kai shi ne mutum ya ajiye aiki ya koma gida, amma duk wata kuɗi na faɗo masa a asusu, alhali shi da ya shekara arba'in a duƙe a gonar gero ba wanda ya san da zamansa.

Tambaya biyu ce a cikin wannan gardama. Shin fansho haƙƙi ne da tsohon ma'aikaci zai ɗaga murya ya nema, ko alfarma ce da sai an ga dama? In kuwa haƙƙi ne, daga wane aljihu yake fitowa, kuma me zai hana aljihun ya ƙare?

Da can alfarma ce

Wanda ya yi wa gwamna godiya bai ƙirƙiro tunanin da kansa ba, gadonsa ya yi. Dokar fansho ta farko da ta game ma'aikatan gwamnati a Najeriya Turawan mulkin mallaka ne suka yi ta a 1951, aka mayar da fara aikinta baya zuwa 1 ga Janairun 1946. A ƙarƙashinta fansho ba abu ne da ma'aikaci ke da tabbacin samu ba. Gwamna Bature na da ikon rage shi ko hana shi baki ɗaya idan ya gamsu cewa ma'aikacin ya yi sakaci ko rashin ɗa'a. Wato abin ya fi kama da tukwicin da ubangida ke ba baran da ya yi masa biyayya. Wanda ya taso a ƙasar Gumel zamanin En'e, lokacin da samun aiki da ci gaba a cikinsa suka rataya ga yardar na sama, ba zai yi mamakin wannan tsari ba.

Kula da tsoho daga dukiyar jama'a kuwa ya girmi Turawa a wurinmu. Malamai na kawo labarin Sayyidina Umar ɗan Haɗɗabi da ya gamu da wani tsohon Bayahude yana bara, ya ga bai dace a karɓi jiziya a hannunsa yana da ƙarfi sannan a yasar da shi da ya tsufa ba, ya sa aka yanka masa abin da zai riƙe shi daga baitulmali. A Turai sai a 1889 ne Bismarck ya kafa wa ma'aikatan Jamus fanshon tsufa, kuma sai mutum ya kai shekara 70 yake fara karɓa, a zamanin da ba kowa ke kai wa can ba.

Abin da doka ta ce yau

Yanzu magana ta sauya, kuma a rubuce take. Sashe na 173 na kundin tsarin mulkin 1999 ya yi magana kan ma'aikatan tarayya, sashe na 210 kuma kan na jihohi, da kusan kalmomi iri ɗaya. Abu huɗu suka tanada. Fansho da giratuti haƙƙi ne da doka za ta tsara. Ba a riƙe wa mutum su ko a sauya su ta yadda zai cutu, sai abin da wata doka ta halatta. Za a sake duba fansho duk shekara biyar, ko duk lokacin da aka sake duba albashin ma'aikata, wanda ya riga zuwa. Sannan ba a cire haraji daga fanshon aikin gwamnati.

Na uku ɗin nan shi aka fi takawa a faɗin ƙasar nan. An ɗaga mafi ƙarancin albashi zuwa naira 18,000 a 2011, zuwa 30,000 a 2019, zuwa 70,000 a 2024. A kowane karo ma'aikatan da ke bakin aiki ne ke fara gani a ƙasa, domin su ke da makamin yajin aiki. Ɗan fansho ba shi da ofishin da zai kulle. Iyakarsa ya bi ƙungiyarsu ta 'yan fansho a rubuta takarda, ko a kira gidan rediyo a yi kuka.

Albashin da aka jinkirta

Ko da babu kundin tsarin mulki, takardar albashi kaɗai ta isa hujja. A ɗauki misalin malamin firamare a wani ƙauye na ƙaramar hukumar Sule Tankarkar, a ce albashinsa da ake lissafin fansho a kai naira 100,000 ne. A tsarin Jigawa, kafin kuɗin su iso hannunsa an cire kashi 8 cikin 100, wato naira 8,000. Gwamnatin da ta ɗauke shi aiki kuma za ta ɗora kashi 17 cikin 100, wato naira 17,000. Jimilla naira 25,000 ke tafiya asusun fansho da sunan aikinsa a wata ɗaya. Ba a tambaye shi ko matarsa ta haihu a watan ko rufin ɗakinsa ya yaye ba. An cire kawai, kuma haka za a yi ta cirewa har ya cika shekara 35 yana aiki ko shekara 60 da haihuwa.

Mutane kan ɗauka cewa naira 17,000 ɗin nan kyauta ce daga gwamnati. Ni ban yarda ba. Tana cikin ladan aikin, tana cikin sharaɗin da aka ɗauke shi a kai. Sau nawa aka ji mutum ya ƙi aikin da ya fi tsoka a wani kamfani a Kano, ya zauna a aikin gwamnati mai ɗan albashi, yana cewa ai nan akwai fansho? Da wannan alkawari aka saye haƙurinsa. Duk wanda ya ci moriyar aikin sannan ya ce cika alkawarin alfarma ce, ya ci haƙƙin ɗan ƙwadago, kuma kowane Musulmi ya san nauyin wannan.

A nan ne fansho ya rabu da tallafi. Lokacin da Sule Lamido ya hau mulkin Jigawa a 2007, gwamnatinsa ta kafa dokar ba masu buƙata ta musamman alawus na naira 7,000 duk wata. Abu ne mai kyau, kuma Jigawa ta yi suna da shi. Sai dai wanda ke karɓarsa ba daga albashinsa aka tara ba. Al'umma ce ta ga ya dace ta ɗauki nauyinsa. Fansho kuwa bashi ne. Amsar da za a ba manomin majalisa ke nan: malamin nan ba don ya kwanta ake biyansa ba, ragowar ladan shekarun da ya yi a tsaye gaban allo ne. Wannan bai kashe ƙorafin manomin ba, domin shi ma yana da tambayar da ta cancanci amsa, za mu zo kanta.

Hanya uku

Tsohon tsari, wanda dokar soja mai lamba 102 ta 1979 ta tattara, bai cire wa ma'aikaci ko kwabo ba. Gwamnati ce ke sa kuɗin fansho a kasafin kowace shekara. Bayan gyare-gyaren da aka yi masa, wanda ya cika shekara 35 yana tashi da giratuti ninki uku na albashinsa na shekara, da fansho kashi 80 cikin 100 na albashinsa na ƙarshe. A takarda ba abin da ya fi wannan daɗi. A aikace kuwa babu wani kuɗi da aka ajiye, sai abin da ya rage bayan an biya 'yan kwangila da masu riƙe da muƙamai. Kafin 2004 an ƙiyasta bashin fanshon da ke wuyan gwamnati ya haura naira tiriliyan 2. Zamanin ne aka riƙa jin tsoho ya yanke jiki ya faɗi a layin tantancewa.

Gwamnatin Obasanjo ta sauya hanya da dokar 2004, inda ta kwaikwayi abin da ƙasar Chile ta fara a 1981. Kowane ma'aikaci da asusunsa na kansa, ya zuba kashi 7.5, mai aikinsa ya zuba 7.5, kamfanonin kula da fansho su juya kuɗin, hukumar PenCom ta sa ido. Dokar 2014 ta zamanin Jonathan ta mayar da shi kashi 8 daga ma'aikaci, 10 daga mai aiki. Kuɗin da aka tara ta wannan hanya sun haura naira tiriliyan 20 a 2024. Amfaninsa shi ne kuɗinka na nan da sunanka, kana iya ganinsu a waya. Illarsa kuma, abin da ka tara shi za ka ci. In albashinka kaɗan ne, ko darajar naira ta zube, ba wanda ya yi maka alkawarin cikon gibi. Shi ya sa 'yan sandan da suka yi ritaya suka daɗe suna zanga-zangar a fitar da su daga tsarin, kamar yadda aka fitar da sojoji.

Jigawa ta bi ta tsakiya, kuma tun zamanin gwamna Ibrahim Saminu Turaki. Ana karo-karo kamar a tsarin tarayya, amma kuɗin ba a asusun mutum ɗaya-ɗaya suke ba. Tukunya ɗaya ce ta ma'aikatan jiha da na ƙananan hukumomi 27 da malaman firamare, a hannun hukuma guda a Dutse. Abin da mutum zai samu kuma ba a auna shi da abin da ya zuba, ana auna shi ne da shekarun aikinsa da albashinsa na ƙarshe, kamar a tsohon tsari. Wanda ya rasu a bakin aiki ana biyan magadansa. Wanda ya rasu jim kaɗan bayan ritaya ana biyan iyalinsa cikon fanshonsa. Wanda ya bar aiki bai kai shekarun cancanta ba ana mayar masa da kashi 8 ɗinsa. An daɗe ana yaba wannan tsari, har jihohi da dama sun turo wakilai Dutse su ga yadda ake yi, domin a shekarun da tsofaffin ma'aikatan wasu jihohi ke shekara da shekaru suna jiran giratuti, na Jigawa sun saba da karɓar nasu ba tare da dogon jira ba.

Adashi mai sharaɗi

Hanya mafi sauƙi ta gane tsarin Jigawa ita ce a tuna adashin da mata ke yi a unguwa. Kowa ya zuba, wanda kwanansa ya zo ya kwasa. Adashi ba ya rayuwa sai da abu biyu: masu zubi su ci gaba da zubawa, uwar adashi kuma ta zama mai amana.

Amma akwai bambanci mai girma. A adashin unguwa, kwasa ɗaya mutum ke yi, kuma daidai abin da ya zuba. A na fansho, wanda kwanansa ya zo yana kwasar giratuti a dunƙule, sannan ya daina zubi, sannan ya ci gaba da karɓa duk wata har ranar da Allah ya karɓi abinsa. In ya shekara biyar bayan ritaya, an biya shi shekara biyar. In Allah ya ja kwanansa ya shekara ashirin da biyar, haka za a yi ta biya. Ba wanda zai yi wa mahaifinsa fatan gajeren kwana don asusu ya huta. Don haka dole lissafin ya fito ta wata hanyar.

Mu koma kan malaminmu. A ce ya yi ritaya fanshonsa ya kama naira 60,000 a wata. Kowane ma'aikaci mai albashi irin nasa naira 25,000 yake shigarwa. Kenan zubin mutum biyu bai isa ya biya shi ba, sai an taɓa na uku. Ba a ma yi maganar giratutinsa ba, wanda shi kaɗai zai iya lashe zubin wata guda na mutum fiye da ɗari. Muddin masu zubi na da yawa, masu karɓa kaɗan, tukunya na cika har a samu rarar da za a juya ta kawo riba. Ranar da masu fita suka fi masu shigowa yawa, sai a fara cin uwar kuɗi.

Taron da ya shigo tare, tare zai fita

Wannan rana ba ta zuwa ba zato. Ana iya ganinta daga nesa, domin gwamnati ba ta ɗaukar ma'aikata kaɗan-kaɗan a kai a kai, takan ɗauke su ne tuli guda. A 1976 aka fara shirin ilimin firamare kyauta na UPE, aka buɗe makarantu a ƙauyukan da ba su taɓa ganin aji ba, aka kwashi matasa aka mai da su malamai. A ƙara 35 a kan 1976, an samu 2011. A ranar 27 ga Agustan 1991 aka ƙirƙiro jihar Jigawa daga tsohuwar jihar Kano, sabuwar jiha kuma sai da sababbin ma'aikata, daga Dutse har sakatariyoyin ƙananan hukumomi. A ƙara 35 a kan 1991, an samu 2026. Duk wanda ke da alƙalami zai iya wannan lissafi tun shekaru ashirin da suka wuce.

A ɗaya gefen kuma, an yi shekaru ana tsuke ɗaukar ma'aikata na dindindin saboda ƙarancin kuɗi. Malami ya yi ritaya, ba a maye gurbinsa ba, ko a cike gurbin da na wucin gadi mai karɓar alawus, irin matasan shirin J-Teach. Ɗalibai sun samu mai koya musu, baitulmali ya samu sauƙi a wannan wata, amma tukunyar fansho ta yi asara biyu: ta rasa mai zubi, ta ƙaru da mai karɓa. Ba abin mamaki ba ne da aka wayi gari asusun da ake alfahari da shi ya fara nishi, har gwamnatin Umar Namadi ta zuba masa biliyoyin naira daga baitulmali don ya ci gaba da biyan haƙƙoƙi. Mayar da dubban malaman J-Teach ma'aikatan dindindin da gwamnatin ta yi, ko da don makarantu aka yi, ya ƙara wa asusun masu zubi.

Wannan ceto ya nuna wani abu da ya kamata kowane ɗan jiha ya sani. A tsarin da aka yi wa ma'aikaci alkawarin adadi, in asusu ya gaza, gwamnati ce za ta cika. Kuɗin gwamnati kuwa na kowa ne. Biliyan ɗin da aka kai wa asusun fansho ita ce ba a kai wa rijiyar burtsatse ko asibitin karkara ba. Ta nan ne manomin majalisa ya shigo cikin maganar, ko ya sani ko bai sani ba. Shi ma yana da ruwa da tsaki a yadda ake tafiyar da asusun.

Ɓarawon fili da na ɓoye

Na fili kowa ya san shi. Abdulrasheed Maina, wanda aka ɗora wa aikin tsabtace harkar fanshon tarayya, shi ne babbar kotun tarayya a Abuja ta yanke wa ɗaurin shekara 8 a Nuwamban 2021 kan halatta kuɗin haram fiye da naira biliyan 2. Kafin shi, a 2013, wani babban jami'in ofishin fanshon 'yan sanda, John Yakubu Yusuf, ya amsa laifi a shari'ar biliyoyin naira, aka ba shi zaɓin tarar naira 750,000, ya biya ya tafi gida, sai daga baya kotun ɗaukaka ƙara ta mayar da hukuncin ɗauri. Akwai kuma 'yan fanshon bogi, da matattun da ake ci gaba da karɓar kuɗi da sunansu.

Saboda waɗannan ne ake tantancewa, kuma mai gaskiya ne ke shan wahalarta. Duk wanda ya taɓa raka mahaifinsa ya san yadda abin yake. Tun da dare Baba zai jawo tsohuwar jakar nan daga ƙarƙashin gado, ya zazzage takardun da ke naɗe cikin leda: takardar ɗaukar aiki da ta koma ruwan ƙasa, ta tabbatar da aiki, ta ƙarin girma na ƙarshe, ta ritaya, da hotuna 'yan ƙanana. Ya lissafa su, ya sake lissafawa. Da asuba a hau mota, a je a tarar da sa'o'insa sun cika harabar, wani da sanda, wani jikansa na riƙe da hannunsa. Mutumin da ya koya wa rabin gari karatu zai tsaya gaban yaron da bai kai ɗansa ba yana cewa ranka ya daɗe, don kawai ya tabbatar yana raye. A zamanin da ake da lambar BVN da ta NIN, kuma kowane tsoho yana da dagaci da mai unguwar da suka san shi, babu dalilin da zai sa jami'i ba zai je ya same shi a ƙaramar hukumarsa ba, mara lafiya kuma a gidansa.

Akwai wata ɓarnar da ba a kiranta sata. Gwamnati ta cire kashi 8 daga albashi amma ta ƙi kai wa asusu, ko ta riƙe nata kashi 17 ta ce sai kuɗi sun samu. Ko ta ga kuɗi sun taru ta ranta don wani aiki. Maƙwabciyarmu Kano na da tsari mai kama da na Jigawa, amma an zuba wani kaso na kuɗin 'yan fanshonta a ginin rukunin gidajen Kwankwasiyya da Amana da Bandirawo, abin da ya jawo ce-ce-ku-ce na shekaru, sannan zubi ya riƙa yin tsaiko. Da Abba Kabir Yusuf ya hau mulki a 2023, bashin giratuti da haƙƙin mamata da ya tarar ya haura naira biliyan 40. Dokar da ta yi kyau a takarda ba ta hana hakan ba.

Ɓarawon ɓoye kuwa shi ne tsadar rayuwa. Kafin 29 ga Mayun 2023, litar fetur ba ta kai naira 200 a farashin gwamnati ba. Kafin ƙarshen 2024 ta haura 1,000, hauhawar farashi kuma ta wuce kashi 30 cikin 100. Ɗan fanshon da ake biya daidai, ba a taɓa yi masa jinkirin kwana ɗaya ba, ya je kasuwar Maigatari ranar Alhamis ya tarar kuɗin da da ke sayen buhun gero yanzu sai 'yan kwanoni. Ba wanda ya rage masa ko sisi, amma an rage. Shi ya sa sharaɗin sake duba fansho duk shekara biyar ba ado ba ne a cikin kundin tsarin mulki. In ba a aiki da shi, an cika alkawari a lamba, an karya shi a tukunyar tuwo.

Ko a ƙasashen da suka ci gaba

Kada a ɗauka wannan ciwo namu ne mu kaɗai. A Amurka, inda aka kafa fanshon ƙasa a 1935, gardamar ko haƙƙi ne ta kai har kotun ƙoli. Wani mutum mai suna Ephram Nestor ya yi shekara 19 yana zubi, aka kore shi daga ƙasar saboda ya taɓa zama ɗan jam'iyyar kwaminis, aka tsayar da kuɗinsa. A 1960 kotun ta ce zubin da ya yi bai mai da fanshon dukiyarsa ta kansa ba, majalisa na da ikon sauya dokar. Ta wannan fuska ma'aikacin gwamnati a Najeriya ya fi Ba'amurke kariya a rubuce. Amma Ba'amurken na samun kuɗinsa duk wata ba fashi, domin tsofaffi a can suna jefa ƙuri'a a dunƙule, ba ɗan siyasar da ke son faɗa da su. Duk da haka su ma lissafi ya fara kama su. A 1960 ma'aikata kusan biyar ne ke zubi kan kowane mai karɓa ɗaya, yanzu ba su kai uku ba. Faransa kuma da ta ɗaga shekarun ritaya daga 62 zuwa 64 a 2023, sai da aka yi watanni ana zanga-zanga a tituna.

Su matsalarsu ƙarancin haihuwa ce, matasa sun yi kaɗan. Mu matasa sun yi mana yawa, aikin albashi ne babu.

Me zai riƙe asusun

Abu na farko ba ya buƙatar wata dabara: a kai zubi cikakke, a kan lokaci, duk wata. Ya kamata a cire kason fansho tun daga tushe, ranar da aka biya albashi, kada ya kwana a hannun kowa. Wannan ya ƙara zama abin lura bayan hukuncin kotun ƙoli na 11 ga Yulin 2024, wanda ya ce a riƙa tura wa ƙananan hukumomi kasonsu kai tsaye. A da daga asusun haɗin gwiwa ake yanke kuɗin fanshon malamai da ma'aikatan ƙananan hukumomi a wuri ɗaya. In kuɗin suka koma hannun shugabanni 27, kowa da matsin da ke kansa, dole a ɗaure wannan zubi da doka mai haƙora. In ba haka ba, wata rana za a ji Gagarawa ta biya, wata ƙaramar hukumar ta ce sai wata mai zuwa.

Sai sanin gaskiyar lissafi. Akwai ƙwararrun da aikinsu ke nan: su ɗauki yawan ma'aikata da shekarunsu da albashinsu, su faɗi nawa asusu zai buƙata nan da shekara goma ko ashirin, da ko kashi 25 ɗin da ake zubawa ya isa. A riƙa yin wannan bincike a kai a kai, a kuma buga sakamakonsa da Hausa, a karanta a rediyo. Mai zubi a adashi yana da ikon sanin nawa ke hannun uwar adashi. Ma'aikacin lafiya a Gumel ma haka, ba sai asusu ya fara tangal-tangal zai ji labari ba.

Juya kuɗin ma sai da hankali. Mafi yawan kuɗin fanshon Najeriya a takardun lamunin gwamnatin tarayya suke, inda ba a cika asara ba, amma in ribar ba ta kamo hauhawar farashi ba, kuɗin na narkewa ne a zaune. Ga masu ƙyamar kuɗin ruwa, kuma suna da yawa a wannan yanki, an samu mafita tun da gwamnatin tarayya ta fara fitar da sukuk a 2017, PenCom kuma ta amince da asusun da ba ruwansa da riba ta haram a 2021.

Batun ƙara shekarun aiki shi ne mai wuya. Dokar tarayya ta 2022 ta ba malamai damar kai wa shekara 65 da haihuwa ko 40 a bakin aiki. Ga asusu wannan riba biyu ce, ƙarin shekara biyar na zubi da ragin shekara biyar na biya. Amma duk kujerar da dattijo ya ci gaba da zama a kai, akwai wanda ya gama Kwalejin Ilimi ta Gumel yana zaune a gida yana jiranta. A ganina, inda ake da ƙarancin ƙwararru, kamar malaman kimiyya da ma'aikatan jinya, ƙarin na da ma'ana. A mai da shi na kowa da kowa kuwa, tura matsalar gaba ne kawai.

Akwai kuma gyaran da ba kuɗinsa ne ya fi muhimmanci ba, kunyarsa ce. Jihohi da dama sun yi dokokin da ke ba tsofaffin gwamnoni da mataimakansu fansho da gidaje da motoci bayan shekara huɗu ko takwas. A Zamfara, sai da wasiƙar tsohon gwamna Abdul'aziz Yari ta neman a biya shi alawus ɗinsa na naira miliyan 10 a wata ta fito fili, sannan majalisar jihar ta soke dokar a Nuwamban 2019. Gwamnatin da za ta ce wa mai shekara 35 a aji ya ƙara haƙuri, ko ya ƙara zubi, ba za a saurare ta ba muddin irin waɗannan dokoki na nan.

Duk wannan magana ta shafi mutane kaɗan ne. In aka tara duk masu albashin gwamnati a Sule Tankarkar da Gumel da Maigatari da Gagarawa, ba su kai ko kusa da yawan masu noman gero da riɗi da zoɓo, da dillalan dabbobi, da 'yan acaɓa, da matan da ke sana'a a cikin gida ba. Su fanshonsu 'ya'ya ne, da gona, da ɗan garken awaki, kuma ukun nan duk sun fara rauni. A watan Maris na 2019 gwamnatin tarayya ta ƙaddamar da wani ƙaramin tsarin fansho don masu sana'ar kansu, wanda mutum zai riƙa zuba abin da ya samu ko da kullum ne. Me ya sa har yau mafi yawan mutanen karkara ba su ma ji labarinsa ba, kuma me zai sa manomin da kuɗi ke shigo masa sau ɗaya a shekara, lokacin kaka, ya yarda ya miƙa wa wani kamfani ajiyar tsufansa? Wannan ne za mu duba a babi na gaba.